Kwalar da Ta Ƙi Rufuwa

'Ya'yansa ne suka laƙaba masa suna Ma'auni a bayan idonsa, har sunan ya fito fili ya zauna masa daram. Mutum ne da ba ya sayen ko tsintsiya sai ya jera uku a gabansa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ja bakin waccan ya ga ko za ta zube. Shekarun da ya yi yana bin gida-gida yana karanta mitar ruwa ne suka bar masa wannan ciwo. Duk abin da ba a sa masa lamba ba, a wurinsa zance ne kawai. Da ya yi ritaya sai ciwon ya rasa inda zai sauka, ya sauka a kan mutanen gidansa.

Matarsa tela ce, kuma Tela kowa yake kiranta a layin, har shi. Shagonta ɗakin gaba ne na gidan, ƙofarsa tana kallon titi, da keken ɗinki a gindin taga da dogon teburin yanka wanda almakashi ya gama zane masa fuska. Tana ɗinka komai, amma abin da ya ɗaga sunanta shi ne rigar maza mai kwala. Kwalarta takan zauna a wuya ba matsi ba sako-sako, mutum ya ɓalla maɓallin sama ya manta da shi har yamma.

Tana da wata hanya tata da ba a koyarwa a ko'ina. Babban ɗansu, kafin aiki ya kai shi wani gari, ya zuba mata zane-zanen kwala a tsohuwar laftof ɗinsa, kowane girman wuya da nasa zanen, ya daidaita mata komai ya tafi. In aiki ya zo, sai ta buɗe zanen da ya dace, ta kwantar da gilashin laftof ɗin a kan tebur, ta ƙure haske, ta shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a kai, ta bi layin da fensir mai laushi. Rabin kwala take zanawa, ta ninka yadi biyu ta yanka. Takardar takan yage bayan aiki ɗaya, don haka kowace riga da sabon zanenta. Ta daɗe a haka har ta daina tunanin akwai wata hanya.

Sai laftof ɗin ta tsufa. Ta fara da fitar da wasu layuka kore a gefe, daga baya ta yi baƙi ƙirin ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce ta gama aikinta a duniya, amma ya ceto zane-zanen ya ba su a filashi. Tela ta yi jimami kamar an yi mata rasuwa. Ma'auni kuwa, Allah ya yafe masa, daɗi ya ji. Abin nema ya samu, ga babban sayayya ta faɗo masa har gida.

Ya yi ta sintiri a wani shagon kwamfutoci da ke bayan tashar mota, har mai shagon ya koma da ya hango shi sai ya jawo masa kujera ba tare da an roƙa ba. A ƙarshe ya tace su suka rage uku. Akwai wata baƙa, mai faɗi da nauyi, wadda ta fi sauran araha, kuma kamar an tsaga kara da tsohuwar da ta mutu. Akwai wata mai ruwan azurfa, siririya, wadda Ma'auni ya ce rabin kuɗinta na sunan kamfanin ne kawai. Sai wata mai ruwan toka, ta ɗan fi baƙar ƙanƙanta, farashinta a tsakiya, gilashinta yana kwanciya har ƙasa yadda Tela take so.

Da gilashin ƙara girma ya je, wanda yake karanta takardar magani da shi. Ya ɗora shi a fuskar baƙar, ya ga ɗigo-ɗigon da ke haɗa hoto manya-manya kamar ramukan rariya, ya yi tsaki ya ce araha ba ta ado. Ya ɗora a kan mai ruwan toka, ya ga ɗigon sun yi ƙanana sun cushe da juna, rubutu ya fito tar kamar an buga shi a littafi. Mai shago ya tabbatar masa ɗigonta sun ninka na baƙar, kuma daidai suke da na mai azurfar da ake yi wa tsada. Ma'auni ya sa a yi masa ragi, ya sa a ƙara masa jaka, ya rungumo ta ya nufi gida.

A ranar babu wanda ya ci abinci cikin kwanciyar hankali. Ya yi wa Tela da Auta, ƙaramar 'yarsu da ta gama karatun koyarwa tana jiran aiki, bayani a kan ɗigo tun daga farko har ƙarshe, sannan ya sake. Da aka kunna, Tela ta ce rubutun ya yi mata ƙanana. Ya ce wannan ai ba komai ba ne. Ya shiga saiti, inda ake zaɓar girman rubutu da hotuna, ya zaɓi ɗari da hamsin, komai ya kumbura ya cika ido. Ya zuba mata zane-zanenta, ya buɗe ɗaya, layin ya fito siriri mai kaifi.

"Tela, daga yau kin huta," ya ce. "Waccan tsohuwar kintace take yi. Wannan ba ta san kuskure ba. In kin ga kuskure, to ki duba wani wuri."

Ta ce Allah ya sa albarka, ya ƙara buɗi. Ta ji daɗin kyautar ƙwarai, shi ma ya ga haka, ya kwana uku yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa tsawo.

Rigar farko da ta fito daga sabuwar laftof tasa ce, tukuicin ɗawainiya. Ya tsaya gaban madubi ya ɓalla maɓallai tun daga ƙasa, da ya zo na sama sai ya ƙi. Ya ɗaga haɓa, ya riƙe numfashi, ya ja har idonsa ya kawo ruwa, maɓalli da ƙofarsa suna kallon juna amma sun ƙi gaisawa. Tela ta dube shi sama da ƙasa ta ce dama ta lura, tun da ya bar yawon mita ya koma zaman kujera, wuyansa ya fara ajiye kaya. Ya ce ai tsofaffin rigunansa suna rufuwa. Ta ce waɗannan wanki ya sa sun saki. Washegari ya tarar da shayinsa babu sukari, burodinsa babu bota, ƙwai kuma dafaffe maimakon soyayye.

Ba shi kaɗai ba ne. Mai askin da ke kusurwa ya karɓi rigarsa ya dawo yana dariya, ya ce uwar 'ya'yansa ta ce ya rage cin dare. Shugaban makarantar firamare ya koma sa rigarsa a buɗe yana ɓoye wurin da nakatayi, ɗaurin wuyan nan na Turawa. Direban bas ɗin da ke ƙarshen layi har asibiti ya je a duba masa jini, don ya ji an ce kumburin wuya ba abin wasa ba ne. Babu wanda ya kawo a ransa cewa laifin Tela ne, domin a layin nan in kwalarta ta matse ka, to kai ne ka canza. Da sassafe sai ka ga magidanta uku huɗu suna zagaya filin ƙwallo da sauri-sauri, suna haki suna gaisawa, Ma'auni a cikinsu yana duba agogo.

Abin ya yi ta ba mutane dariya har wata rana da la'asar. Ma'auni yana gyangyaɗi a kujerar falo ya ji wani abu mai sanyi ya zagaye masa wuya. Ya buɗe ido ya ga Tela a tsaye a kansa da tef ɗin awo, ta ƙura wa lambar ido. Ya tambaye ta ko ya ragu. Ta naɗe tef ɗin a yatsa ta koma shago. Da yamma ta kawo masa shayi, ya kurɓa ya ji sukari har cokali biyu. Da farko ya yi murna. Da ya ɗaga kai ya ga fuskarta sai shayin ya fita daga ransa.

Wuyansa bai ƙaru ba ko kaɗan, haka ta faɗa masa daga baya, tana ninke wani ƙyalle da ba ya bukatar ninki. Ta auna na mai aski ma da ya zo, yana nan yadda yake. Kwalar ce take fitowa gajeriya. Ta sake zanawa a hankali, ta sake yankawa, ta sake aunawa, kullum sai ta rasa kusan faɗin yatsa. Ta ce tun bara take jin idonta yana hazo in za ta zura zare, hannunta kuma wani lokaci yakan ɗan yi rawa da safe. Tunda na'ura ba ta kuskure, to ita ce take shigewa cikin layi ba ta sani ba. Mahaifiyarta ma da haka ta fara, ta ƙi yarda, ta yi ta ɓata wa mutane yadi har suka daina kawowa suna gaishe ta daga nesa.

"Ni ba zan jira a fara jin tausayina ba, Malam," ta ce. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ya yi mata bayani a kan tabarau, da likitan ido, da ƙarin fitila a shago. Ta saurare shi har ya gama, kamar yadda ta saba, amma ta fara mayar da aiki. Wanda ya kawo yadi sai ta ce aiki ya yi mata yawa, alhali keken yana lulluɓe da zane. Gidan ya yi wani irin shiru da Ma'auni bai taɓa sani ba, domin tun da suka yi aure da ƙarar keken nan yake sanin gari ya waye. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba shi da lambar da za a sa masa.

Ana cikin haka Auta ta samu aikin koyarwa. Ta shigo da gudu da yadi mai ruwan sararin sama a leda, ta ce Mama ce za ta ɗinka mata rigar ranar farko, mai kwala, kamar yadda ta ɗinka mata kowace rigar makaranta tun tana aji ɗaya. Tela ta rungume ta, ta sa mata albarka, ta shafa yadin ta yaba. Sannan ta mayar da shi cikin ledar ta ce ta kai wa telan da ke bakin kasuwa, yana da hannu mai kyau. Auta ta ɗauka wasa ne, ta yi dariya. Da ta ga ba wasa ba ne ta ɗauki ledar ta fita.

Bayan kwana biyu Tela ta ce wa Ma'auni ya taya ta kwashe shagon, tana so ta ba da hayar ɗakin. Ya taya ta ba don yana so ba. Yana zaro aljihun tebur na ƙasa ya ga an shimfiɗa wata tsohuwar takarda a gindinsa don kada fil ya riƙa shigewa tsaga. Rabin kwala ce, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, ga lambar wuyansa a gefe da rubutun Tela. Ba wata dabara ce ta zo masa ba. Halinsa ne kawai, ba ya iya ganin abu biyu iri ɗaya bai jera su ba. Da ta shiga ciki ɗora tukunya, ya kunna laftof, ya buɗe zanen lambar, ya kwantar da gilashin ya shimfiɗa tsohuwar takardar a kai.

Layin haske ya zauna a cikin layin fensir. Ya daidaita gefen hagu, na dama ya gaza. Ya daidaita na dama, na hagu ya gaza. Ba da yawa ba, rabin faɗin yatsa, wanda in aka ninka yadi biyu ya zama yatsa guda. Ma'auni ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

Ya sa laftof a jaka, ya ɗauki tef ɗinta, ya nufi bayan tasha. Mai shago ya jawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya ce an sayar masa da na'ura mai rage awo. Mai shagon ya saurari labarin, ya kalli takardar, ya kalli tef ɗin, ya tambaya cikin ladabi wane ne yake auna gilashin kwamfuta da tef.

"Matata," in ji Ma'auni.

Mutumin ya danne dariyarsa ya yi masa bayani, kuma rabon Ma'auni da a yi masa bayani har ya manta. Ya ce kaifin hoto daban, girmansa daban. Kwamfuta da ɗigo take ƙirga tsawon layi, to in ɗigon ƙanana ne dole layin ya gajarce. Shi ya sa ake da wancan saitin na kumbura komai. Amma saitin don jin daɗin ido aka yi shi, ba don awo ba. Ɗari da hamsin ɗin da aka zaɓa ya kawo zanen kusa da girmansa na da, bai kai shi ba. Ma'auni ya tambayi wa ya zaɓa, sannan ya tuna shi ne da hannunsa. Mai shago ya ƙara da cewa da baƙar nan mai araha ya ɗauka, da ba a ji komai ba, don gilashinta da na tsohuwar duk ɗaya ne. Wannan bai zama dole ya faɗa ba, amma shi ma ɗan Adam ne, kuma ya sha zama da Ma'auni.

Gyaran bai kai a tafasa ruwan shayi ba. A cikin manhajar da ke buɗe zanen akwai wurin da mutum zai rubuta girman da yake so da hannunsa. Suka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, tsohuwar takarda tana kan gilashi, har layin haske ya ɓace a ƙarƙashin na fensir. Mai shago ya sa na'urar ta riƙe lambar, ya ƙi karɓar komai, ya ce a gaida Tela.

A hanyar gida Shaiɗan ya raka shi har ƙofa. Ai an riga an gyara. Zai iya ajiye laftof ɗin a inda take, ya lallaɓa ta ta sake gwadawa sau ɗaya, kwala ta fito daidai, kowa ya ce Alhamdulillahi, sunansa na gwanin sayayya ya tsira. Ya juya maganar ya ga tana da kyau ta kowane gefe sai ɗaya. Tela za ta ci gaba da zama da tunanin cewa hannunta ya taɓa cin amanarta, kuma zai iya sakewa ko yaushe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya shiga ya same ta tana ɗaure kwalayen zare da igiya.

Bai yi dogon bayani ba, abin da ya ba shi mamaki shi kansa. Ya mayar da zanen yadda yake a da, ya ɗora tsohuwar takardar ya ce ta duba. Ta matso ta sunkuya. Ya rubuta sabuwar lambar ya ce ta sake dubawa. Ta karɓi tef daga hannunsa ta auna layin a kan gilashi, ta auna takardar, ta sa ya mayar da tsohuwar lambar ta sake aunawa. Sai da ta yi haka har ta gamsu sannan ta miƙe.

"Layin da aka ba ki kika bi, ba ki kauce ko da gashi ba," ya ce. "Layin ne gajere. Ni na saita shi, ni na ce miki ba ya kuskure."

"Kenan ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce."

Ya shirya wa faɗa, kuma ya san ya ci a yi masa. Sai ta fashe da dariya, ta dafa tebur, ta ce yanzu duk mazan layin nan da suke zagaya fili da asuba, da direban da aka ɗebi jininsa, duk aikinsa ne? Ya ce aikinsa ne. Ta ce to shi zai bi su gida-gida ya karɓo rigunan ta sake musu kwala, tunda dama ya san hanya. Tana dariyar hawaye suna zuba, kuma ya san ba duka na dariya ba ne.

Ta goge ido da bakin mayafi ta ɗauki waya ta kira Auta. Ta tambaye ta ina yadin. Auta ta ce yana wurin telan bakin kasuwa tun shekaranjiya, ya ce gobe zai yanka.

"Maza je ki karɓo min kayana," in ji Tela. "Ki ba shi haƙuri, ki ce uwarki ta dawo."

Ma'auni ya juya yana kwance igiyar da aka ɗaure kwalaye da ita, don ya ba ta wuri. Ta yaye zanen da ke kan keken ta kakkaɓe. Ya saci kallo ya gan ta tsaye a gindin taga, ta buɗe hannayenta biyu a cikin haske tana dubansu gaba da baya.

"Ku yafe ni," ta ce musu a hankali. "Na zarge ku ba ku yi komai ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ta jawo kujerarta ta zauna, ta lashi bakin zare, ta zura shi a allura.